Gadon da ke bin jinsi: tambayoyi da amsoshi kan cututtukan da ke kama maza ta wajen uwa

Akwai gidan da za ka tarar duk 'yan matan lafiya ƙalau, amma a cikin mazan sai an sami wanda jininsa ba ya tsayawa in ya ji ciwo, ko wanda shawara ta kama tun kafin ranar suna. In ka bi diddigi, sai wata tsohuwa ta ce ai kawunsa ma haka ya yi. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma kambun baka ba. Hanya ce da gado ke bi, an san ta fiye da shekara 100, kuma duk wanda ya iya lissafin rabi da kwata zai gane ta. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi.

Mene ne ainihin abin da yaro ke gada a jikinsa?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa guda 46 da ake kira kuromosom, a jere bibbiyu har kashi 23. A kowane biyu, ɗaya daga uwa ya zo, ɗaya daga uba. A kan waɗannan zaruruwa ne ƙwayoyin gado suke, kimanin 20,000, kowace da aikinta: wata ta shafi rukunin jini, wata launin fata, wata yadda jini zai daskare idan an yanke.

Kashi 22 na farko iri ɗaya ne ga namiji da mace. Na 23 shi ne ya bambanta. Mace tana da X guda biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ita ta nuna a 1905 cewa waɗannan zaruruwa ne ke raba jinsi, kuma a jikin wasu ƙwari ta gano haka. Adadin 46 ɗin ma sai a 1956 aka tabbatar da shi, bayan an daɗe ana koyar da cewa 48 ne.

Tsakanin miji da mata, daga wa jinsin yaro ke fitowa?

Daga miji. Ƙwan mace kullum X yake ɗauke da shi, don ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyin namiji kuwa kashi biyu ne: kusan rabi masu X, rabi masu Y. In mai X ya riga isa ga ƙwan, mace za a haifa. In mai Y ne, namiji. A kan Y ɗin akwai wata ƙwayar gado da aka gano a 1990, ana kiranta SRY, wadda ke ba da umarnin fara gina jikin namiji tun cikin yana 'yan makonni.

Ina so a tsaya a kan wannan, domin gidaje da yawa sun mutu a kansa. Mace ta haifi 'ya'ya mata huɗu, sai dangin miji su fara gugar zana, wai ba ta iya haihuwar maza ba. Wata a yi mata kishiya, wata a sake ta da goyo. Alhali ita babu wani abu a jikinta da ke zaɓar jinsi. Shi ma mijin ba zaɓa yake yi ba, don babu wanda ke da iko a kan wane ne zai yi nasara a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke tsere. Alƙur'ani ma, a Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, ya faɗa cewa Allah ne ke ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza. Saboda haka in ma za a nemi inda abin ya fito a jiki, wajen miji ne, in kuma mai laifi ake nema, babu shi.

A wajen kaji da sauran tsuntsaye lamarin a juye yake: kazar ce ke ɗauke da zaruruwa iri biyu, ita ke kawo jinsin ɗan tsako, ba zakara ba.

To me ya sa wasu suke ta jera mata, wasu maza?

Kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da aka haifa kafinsa ba. Damar a jera mata biyar kusan ɗaya ce cikin 32, haka ma maza biyar. A gari mai dubban magidanta, dole a sami gidaje masu yawa da hakan ta faru a kansu ba tare da wani dalili na musamman ba. A duniya gaba ɗaya ana haifar maza kusan 105 a kan kowace mata 100. Babu wani jiƙo, ko abinci, ko salon kwanciya da aka tabbatar yana sauya wannan.

Me ake nufi da "gadon da ke bin jinsi"?

Zaren X babba ne, yana ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 800, kuma yawancinsu ba ruwansu da zama namiji ko mace. Akwai na daskarar da jini, na ganin launi, na ƙarfin tsoka. Y kuwa ɗan ƙarami ne, abin da ke kansa kaɗan ne, kuma ba shi da madadin yawancin abin da ke kan X.

Ɗauka cewa mace tana da fitila biyu a ɗakinta, namiji yana da ɗaya. In ɗayar ta mace ta lalace, ɗayar za ta haskaka ɗakin, wataƙila ma ba ta taɓa sanin ɗayar ta mutu ba. Namiji kuwa in tasa ta lalace, sai duhu. Shi ya sa idan wata ƙwayar gado da ke kan X ta sami matsala, mace kan ɗauke ta ba tare da ciwo ba, amma ɗanta namiji in ya gaje ta sai ciwon ya bayyana.

Wanda ya fara nuna wannan a fili shi ne Thomas Hunt Morgan, a Jami'ar Columbia da ke New York, a 1910. Ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace yake kiwo a kwalabe. Idanunsu ja ne, sai ya ga wani namiji ɗaya mai farin ido. Da ya haɗa shi da mace mai jan ido, duk 'ya'yan suka fito da jan ido, amma a jikoki sai farin idon ya dawo, kuma a maza kaɗai. Wannan aiki na daga cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1933.

Yaya lissafin yake a cikin iyali?

Idan uwa tana ɗauke da matsalar a X ɗinta ɗaya, uba kuma lafiyarsa ƙalau: duk ɗa namiji da za ta haifa, damar ya gaji ciwon rabi ce, damar ya tsira rabi. Duk 'ya mace kuma, rabi ce damar ta zama mai ɗauke da shi kamar uwarta.

Idan uba ne mai ciwon, uwa ba ta ɗauke da komai: babu ɗansa namiji ko ɗaya da zai gada daga gare shi, domin Y yake ba 'ya'yansa maza. Amma 'ya'yansa mata dukansu, ba togiya, za su ɗauka, domin X ɗaya yake da shi kuma shi zai ba su. Sai ciwon ya ɓuya a jikinsu, ya fito a jikokinsa maza.

Mu da muke lissafin zuri'a ta wajen uba, muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, wannan yakan rikita mu. In yaro ya zo da ciwo sai a duba baffanni da kakannin wajen uba, a ce ai babu wannan a gidanmu. Ba can za a duba ba. A duba kawunnai, wato 'yan'uwan uwa maza, da mahaifin uwa, da 'ya'yan 'yan'uwanta mata. Can sawun yake.

Kuma "rabi" ba ya nufin in ta haifi maza huɗu biyu ne za su kamu. Yana iya kama duka huɗun, yana iya barinsu duka.

Mene ne ciwon da jini ba ya tsayawa?

Sunansa hemofiliya. Jini na buƙatar wasu sinadarai kafin ya daskare ya toshe rauni, kuma an ba su lambobi. Wanda ya rasa na 8 shi ke da nau'in A, wanda ke samun kusan namiji ɗaya a cikin 5,000. Wanda ya rasa na 9 yana da nau'in B, shi kuma bai kai na farko yawa ba. Umarnin haɗa sinadaran biyu duk a kan X yake.

Mutane kan ɗauka ƙaramin yanka ne ke kashe mai wannan ciwo. Abin da ya fi wahalar da su shi ne zubar jini ta ciki. Yaro ya fara rarrafe, sai a riƙa ganin tabon taruwar jini a gwiwoyinsa da goshinsa. Ya ɗan girma, gwiwa ko idon sawu ya kumbura ya yi zafi ba tare da wata babbar faɗuwa ba, a kai shi wurin mai ɗori a murza, abin ya ƙara lalacewa. In aka yi ta haka shekara da shekaru, gaɓar takan sandare. Haɓo da ba ya jin magani, da jinin da ke ta tsattsafowa kwana biyu bayan fitar haƙori, su ma alamu ne.

A wurinmu, inda ciwon ya fi bayyana da farko shi ne wajen kaciya. Wanzami ya yi aikinsa yadda ya saba yi wa ɗaruruwan yara, sauran yaran da aka yi wa tare jininsu ya tsaya tun da hantsi, wannan kuwa har la'asar tsumma na jiƙewa ana sauyawa. A sa gari, a ɗaure, ya ɗan lafa, cikin dare ya dawo. Kafin a yanke shawarar zuwa asibiti yaron ya yi fari fat. Haka cire beli, da tsagar gado, da sakiya, da ƙaho. Wanzamin bai yi kuskure ba, wannan yaron ne bai kamata aska ta taɓa shi ba sai an shirya. Shi ya sa tambaya guda ɗaya kafin shayi take da nauyi: a cikin 'yan'uwan mahaifiyarsa maza, an taɓa samun wanda jini ya ƙi tsaya masa?

Ba sabon abu ba ne ga likitocin Musulmi. Az-Zahrawi, likitan tiyata na Ƙurɗuba a Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta labarin wasu maza a wani ƙauye da ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni.

Yau ana magance shi da allurar sinadarin da ya rasa, ta jijiya, kuma wanda ke samunta a kan kari yana iya karatu, ya yi aiki, ya yi aure. Ana ma iya yi masa kaciya a asibiti bayan an ba shi allurar. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini. Akwai Gidauniyar Hemofiliya ta Najeriya da ke taimaka wa masu ciwon, kuma kowace 17 ga Afrilu ce ranar tunawa da shi a duniya.

Gaskiya ne ciwon ya shiga gidajen sarautar Turai?

Gaskiya ne, ta hanyar Sarauniya Victoria ta Ingila. Ɗanta Leopold ya yi fama da shi, ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi. 'Ya'yanta mata biyu, Alice da Beatrice, sun ɗauka ba tare da sun yi ciwon ba, aure ya kai shi gidan sarautar Sifen da na Jamus da na Rasha. Alexei, ɗan Sarki Nicholas na biyu na Rasha, wanda aka haifa da ciwon a 1904, tattaɓa kunnen Victoria ne ta wajen uwa da kaka. Binciken DNA da aka wallafa a 2009 ya nuna nau'in B ne.

Mahaifin Victoria bai yi wannan ciwo ba, ba a kuma san shi a danginta ba kafin ita. Da alama a kanta canjin ya faro. Haka yake har yau: kusan ɗaya cikin uku na yaran da ake samu da hemofiliya, babu tarihinsa a danginsu.

Wanne ne ya fi yawa a cikinmu?

Wanda ba a cika jin sunansa ba: ƙarancin sinadarin G6PD. Mutum wajen miliyan 400 ke da shi a duniya, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda ya fi yawa. A Najeriya ana ƙiyasta kusan namiji ɗaya cikin biyar zuwa shida yana da shi. Ya yaɗu ne a ƙasashen da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, domin yana ba da ɗan kariya daga mummunan nau'in zazzaɓin, kamar yadda AS, wato ɗaukar ƙwayar gadon sikila guda ɗaya, ke yi.

Aikin wannan sinadari shi ne kare jajayen ƙwayoyin jini. Mai ƙarancinsa yakan yi rayuwarsa lafiya, wani har ya tsufa bai sani ba. Matsala na zuwa ne idan jininsa ya haɗu da abin da ba ya so, sai ƙwayoyin su farfashe cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idanu su yi rawaya, jiki ya mutu, numfashi ya yi sama-sama, fitsari ya koma kalar baƙin shayi.

Na farko a cikin abubuwan nan yana cikin akwatinmu: kafur. Mai ciki ta gama sayen kayan jariri, ta wanke, ta goge, ta jera su a akwati, ta watsa ƙwallayen kafur don kada kyankyasai da asu su ɓata. Ranar da aka haihu aka ɗauko rigunan da ƙamshinsu aka sa wa yaro, aka naɗe shi da tawul ɗin da ya yi wata biyu a ciki. Fatar jariri da hancinsa suna ɗaukar sinadarin. Kwana uku sai ga farin idonsa ya zama ruwan ɗorawa, ya daina kama nono, kukansa ya yi tsini. Shawarar jarirai in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko sandarewar jiki har abada. Shanya shi a hantsi ko ɗura masa ruwan gulukos ba ya wadatarwa. A asibiti ana auna jininsa, a sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, in abin ya yi nisa a yi masa musayar jini. Tunda ba a san wane jariri ke da ƙarancin ba sai an gwada, a raba kafur da kayan kowane jariri.

Lalle ma an tabbatar yana farfasa jinin jariran da ke da wannan ƙaranci idan an shafa musu a jiki. A cikin magunguna akwai primaquine na zazzaɓi, da dapsone, da nitrofurantoin na ciwon mafitsara. Zazzaɓi mai zafi shi kansa yana iya tayar da shi. Sai kuma ful, waken nan da ake ci kullum a Sudan da Masar, wanda 'yan'uwanmu mazauna can da alhazai a Saudiyya suka sani sarai. Wakenmu na gida da muke yin ƙosai da alale da shi ba irinsa ba ne, ba shi da wannan illa.

Akwai mutanen da ba sa bambance launi da gaske?

Akwai. Ba wai baƙi da fari kawai suke gani ba, ja da kore ne ke rikice musu. Abin da ke gane waɗannan launuka biyu a ido, umarninsa a kan X yake. A cikin Turawan arewacin Turai, kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mace kuwa ɗaya cikin 200. A cikin baƙar fata bai kai haka yawa ba. Masanin Ingila John Dalton ya bayyana nasa a 1794, kuma gwajin da aka fi amfani da shi har yanzu, mai lambobi a ɓoye cikin ɗige-ɗige masu launi, wani likitan Japan mai suna Ishihara ne ya fito da shi a 1917.

Ba ciwo ba ne mai tsananta, amma yana hana wasu ayyuka kamar tuƙin jirgin sama ko na ƙasa. Malaman firamare su lura: yaron da kullum yake ɗaukar kore in an ce ya ɗauko ja, ba lallai daƙiƙi ba ne, a gwada idonsa kafin a ɗauki bulala.

Ɗana ya fara tafiya lafiya, yanzu yana yawan faɗuwa. Shan inna ne?

Likita ne zai tantance, amma akwai wani ciwon tsoka da ake kira Duchenne, mai bin X, da ke samun kusan yaro namiji ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Yana fara nuna kansa tsakanin shekara 2 zuwa 5. Yaron yana tafiya yana rangaji, hawa matakala na ba shi wuya, sharaɓarsa ta yi ƙiba kamar ta mai ƙarfi alhali ba ƙarfi a ciki. In ya zauna a ƙasa zai tashi, sai ya kifa, ya dafa gwiwoyinsa, ya riƙa hawa cinyoyinsa da hannu har ya miƙe. Shan inna kan zo farat ɗaya bayan zazzaɓi, sau da yawa a ƙafa ɗaya. Wannan kuwa a hankali yake ci, ɓangarorin biyu tare, kuma yawanci wajen shekara 12 yaro kan koma keken guragu. Ba a warkar da shi tukuna, amma magani da motsa gaɓoɓi da kula da zuciya da huhu suna ƙara masa shekaru masu amfani.

Mace ba ta taɓa kamuwa ke nan?

Tana kamuwa. Idan ubanta na da ciwon, uwarta kuma na ɗauke da shi, tana iya gadar X biyu masu matsala. A ƙarancin G6PD, saboda yawansa, wannan ba baƙon abu ba ne.

Akwai kuma hanya ta biyu. Wata masaniyar Ingila, Mary Lyon, ta bayyana a 1961 cewa tun mace tana cikin ciki, kowace ƙwayar jikinta takan kashe X ɗaya ta yi aiki da ɗaya, wata ta bar na uwa, wata ta bar na uba. Kuna iya ganin wannan da idonku a jikin kyanwa: duk magen da kuka gani da dabbare-dabbaren baƙi da ruwan goro tare, kusan tabbas mace ce, domin launukan biyu a kan X suke, kowane fegi yana nuna wanda aka bari a kunne. A jikin mutum, in aka yi rashin sa'a yawancin ƙwayoyin suka kashe mai lafiyar, sai alamu su fito. Shi ya sa wasu matan da ke ɗauke da hemofiliya suke fama da yawan jinin al'ada ko zubar jini bayan haihuwa. Irin wannan mace ta gaya wa ungozoma da likita tun a awon ciki, kuma ta haihu a asibiti.

To ashe a nan laifin uwa ne?

Wannan ita ce tambayar da nake tsoro, domin na san yadda ake karɓar rabin magana a je da ita gida. A'a, ba laifinta ba ne. Ba ta zaɓi X ɗin da aka ba ta ba, ba ta zaɓi wanda ta bayar ba. Sau da yawa daga mahaifinta ta karɓo shi, namiji. Mijin da ke shirin nuna mata yatsa, in shi ke da ƙarancin G6PD ko rikicewar launi, ya riga ya raba wa 'ya'yansa mata dukansu. Wani lokaci kuma canjin a kan yaron ya faro, babu wanda ya ba shi.

Idan aka mai da abin gori, illar a kan yara take ƙarewa. Matar da ta san za a yi mata gori ba za ta faɗi cewa ƙanenta ya rasu a wajen kaciya ba. Za ta yi shiru, a kai ɗanta gaban aska. Gidan da ake iya faɗin irin wannan magana ba tare da tsoron saki ba, shi ne gidan da yaro ke tsira.

Sikila da zabiya su ma haka suke?

A'a. Ƙwayar gadon sikila tana kan zare na 11, ba ruwanta da X ko Y, kuma tana kama maza da mata daidai. Sai uwa da uba duka sun bayar kafin yaro ya zama SS. In AS ya auri AS, kowane ciki damar sikila ɗaya ce cikin huɗu. Zabiya ma haka: iyaye biyu baƙaƙe suna iya haifar zabiya idan kowannensu na ɗauke da abin a ɓoye. Ku lura kuma, gwajin jini na kafin aure da aka saba yi ba ya nuna hemofiliya ko G6PD. Kowanne da gwajinsa daban.

Auren zumunci yana jawo su?

Bai ƙirƙiro ciwo ba, kuma ga cututtukan da ke bin X tasirinsa kaɗan ne, tunda yaro namiji daga uwa kaɗai yake karɓa ko wa ta aura. Inda yake da tasiri shi ne irin waɗanda sai ɓangarorin biyu sun bayar, domin 'yan'uwa sun fi yiwuwar ɗaukar abu iri ɗaya daga kaka ɗaya. Dangin da suka san akwai wani ciwo da ke maimaituwa a cikinsu, su nemi shawarar likita kafin a sa rana.

Sanƙo fa? An ce daga kakan wajen uwa yake zuwa.

Da ƙamshin gaskiya, domin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon da ke da hannu a ciki tana kan X. Amma akwai wasu da yawa a sauran zaruruwan, daga kowane ɓangare.

Yaro ya fito bai yi kama da uwa ko uba ba a launi. Yana yiwuwa?

Ƙwarai kuwa. Launin fata, tsawo, da siffar fuska ba ƙwayar gado ɗaya ke yin su ba, masu yawa ne ke haɗuwa, kuma kowane ciki sabon gauraye ne. Yaro na iya ɗauko hasken wata kaka da ba a ma gani ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda ya fito baƙi. Sai ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a ciki. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya samo launinsa, ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta fizgo shi. Aka ce masa ɗansa ma wataƙila haka ne. Kama ko rashin kama ba hujja ba ce a kan mace.

Ina zargin akwai irin wannan a danginmu. Ta ina zan fara?

Fara da takarda da biro, ka zauna da mahaifiyarka ko wata dattijuwa a danginta. Rubuta 'yan'uwanta maza, da mahaifinta, da 'ya'yan 'yan'uwanta mata, har da waɗanda suka rasu suna ƙanana. Tambayi abin da ya yi ajalinsu: wa ya zubar da jini bayan kaciya ko cire haƙori, wa ya yi shawara yana jariri, wa ya taɓa fitsarin baƙi bayan shan magani, wa ya daina tafiya yana yaro. In matarka ce ke da ciki, danginta za a rubuta.

Ka kai takardar sashen kula da cututtukan jini ko na yara a babban asibiti. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da waɗannan sassa. Gwajin G6PD na jini ne, amma in an yi shi daidai lokacin da jinin ke farfashewa ko bayan ƙarin jini yana iya nuna lafiya alhali ba haka ba, sai a maimaita bayan kamar wata uku. In an tabbatar da wani abu, a rubuta shi a ɗan kati da yaro zai riƙa yawo da shi, a gaya wa malaminsa na boko da na allo, a kuma sanar da 'yan'uwan uwar mata, domin su ma wataƙila suna ɗauke da shi. In kuma akwai ko da shakka game da zubar jini, a ɗage kaciyar har sakamako ya fito.